Yunwa a Cikin Ruwa

Tuure ya rasu ya bar mini abu uku:
rigar sanyi mai ɓallallen maɓalli,
littattafai biyu na laburaren Tampere da bai mayar ba,
da akwatin gilashi mai cin lita ɗari da ashirin,
inda wani ɗan kurmi ke numfashi ƙarƙashin ruwa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce,
shekara talatin ina wanke hannu har gwiwa.
Abin da na iya, shi na yi:
na kankare gilashi, na zuƙe dattin tsakuwa,
na sauya ruwa Litinin, na sake Alhamis,
ko kashin kifi ɗaya ban bari ya kwana ba.
Ruwa ya yi garau kamar idon jariri.
Sai kurmin ya soma mutuwa.

Ganyen ƙasa ne suka fara sallama,
rawaya ta ci su daga baki har gindi.
Na tsakiya suka cika da huji,
kamar wani ya bi su da allura cikin dare.
Na ɗora wa dodon-koɗi laifi,
na tsince goma sha ɗaya, na kulle a kwalba.
Sabon toho kuwa ya fito fari fat,
sai jijiyoyi kore, kamar bayan hannun tsohuwa.

Disamba ce. Rana takan leƙo da hantsi,
ta ga ba abin kallo, ta koma.
Näsijärvi ya daskare har ana yawo a kansa.
A ƙasan akwatin, bayan famfo,
na ci karo da littafin yayana, ruwa ya kumbura shi.

"In tsohon ganye ya koɗe, naitirojin ne:
tsiro na kwashe tuwon uwa ya miƙa wa ɗa.
In huji ne, fotash. A bar dodon-koɗi ya sarara.
In sabon ganye ya fito ba jini, ƙarfe ne,
shi kuwa inda ya zauna nan ya zauna,
tsoho ba ya iya bar wa yaro gadonsa."
A shafin ƙarshe, da fensir:
"Sirkka za ta wanke shi har ya mutu.
Wani ya gaya mata."

Na yi dariya har na jiƙa takardar.
Na saki fursunonin kwalba, na ba su haƙuri.

Washegari na sayo taki kwalba uku,
na ɗura kamar mai biyan bashi.
Kwana tara gansakuka ta yi sallama,
ta shimfiɗa koren gashinta a kan komai.
Aulikki mai shagon kifi ta dube ni ta saman tabarau:
"Yunwar wata uku ake biya da cin dare ɗaya?
Ke da kike auna wa mutane magani?"

To. Na ɗauko sirinji.
Ƙarfe ɗigo-ɗigo, Talata da Asabar.
Fotash bayan sauyin ruwa, shi ma sau ɗaya a mako.
Ƙwayar taki da hantsaki, can cikin tsakuwa,
kusa da saiwa, ban da taɓa ta.
Fitila awa bakwai, ko da ni zan zauna a duhu.
Dattin kifi kuwa na kau da kai,
hannuna na ƙaiƙayi, na zauna a kansa.

Huji bai rufe ba. Ba ya rufewa.
Ganyen da ya koɗe ya koɗe ke nan,
almakashi ne maganinsa.
A toho ake duba lafiya.

Tsakiyar Fabrairu, da asuba, na dawo daga aikin dare,
ban ko cire takalmi ba.
Wani ganye, bai kai farcen ɗan yatsa ba,
kore shar tun daga baki,
da ƙwayar iska ɗaya maƙale a gefensa,
tana rawa, tana shawarar tashi.

Na tsaya da rigar Tuure a jikina
har ta saki.

Littattafan laburare suna nan kan tebur.
Gobe, wataƙila.