Bishiyar Ƙarfe a Dutsen Kollpani

Sunana Eusebia, 'yar gidan Limachi.
A ƙauyenmu, sama da tafkin Titikaka,
sanyi ke fara gaishe ka kafin maƙwabci.

Makarantarmu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano.
Malami ya zo, ya ga hanya, ya ɗanɗana dare,
wata uku ya ɗaure kayansa.
Na bayansa ko wata biyu bai cika ba.
Ajin ya koma mafakar tumaki
in ƙanƙara ta sauko.

Sai aka kafa wani ƙarfe a kan dutsen Kollpani,
dogo, siriri, ba ganye, ba inuwa.
Na ce, wace irin bishiya ce ba ta 'ya'ya?
Jikata Wara ta yi dariya har da riƙe ciki.

Yanzu kullum da hantsi
takan kora lamarmu gaba,
wayar kawunta ƙulle a bakin mayafi,
ta hau, ta hau, har inda numfashi ke gajarta,
don a ƙasa wayar kurma ce,
sai can sama take buɗe kunne.
A nan wata Malama Celestina ta birnin La Paz,
wadda ba ta taɓa taka turɓayarmu ba,
ke koya musu raba sha biyu gida huɗu
da abin da ke sa wata ya rame ya sake cika.
Yara bakwai kan waya ɗaya,
kamar 'yan tsaki sun ga tsaba.
In gajimare ya tare rana, batir ya mutu,
karatu ya yanke a tsakiyar kalma,
su sauko da rabin amsa a baki.

Ni ban so ba, in faɗi gaskiya.
Wa zai taya ni kaɗin ulu?
Abin da ba ya cin tuwonka, na ce,
da me za ka kama shi in ya yi maka ƙarya?

Ran nan ta shigo tana haki.
Kaka, Malama ta ba da aiki:
a tambayi tsofaffi yadda ake sanin lokacin shuka.
Ta ce littafinta bai faɗa ba.
Ta kara wayar a bakina.

Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba,
da babban yatsa nake sa hannu.
Na yi shiru har ta zaci na yi barci.
Sannan na ce:
a tsakiyar sanyi, kafin asuba, ku fita ku dubi Kaza da 'Ya'yanta.
In sun fito tar, ruwa na kusa, ku gyara iri.
In sun yi dishi-dishi, ku dakata, gaggawa ba ta cika rumbu.
Na faɗi yadda ake shimfiɗa dankali kwana uku a raɓar ƙanƙara,
a tattake shi da ƙafa ba takalmi,
rana ta busar, ya shekara goma bai ruɓe ba.
Da Aimara na faɗa,
harshen da aka doki yayana a kansa
a wannan ajin mai rufin kwano.

Bayan mako guda muryoyi suka dawo.
Daga Oruro, daga Potosi, daga inda ban san sunansa ba.
Wani yaro mai mura ya ce,
Malama Eusebia, in hazo ya rufe taurarin fa?

Malama.
Na waiga in ga da wa yake.

Gobe Laraba, ranata ce.
Gwiwoyina sun riga sun fara ƙorafi,
sandata na jingine bakin ƙofa,
kuma har yanzu ban gama tunanin
abin da zan ce wa yaron nan kan hazo ba.