Minti Huɗu

A cikin safa na same shi,
can ƙuryar aljihun tebur, ƙarƙashin takardun haraji,
shekara uku da binne Baba.
Na wana shi a hankali.
Ya yi jim kamar mai tuna hanya,
sannan ya kama tafiya.

Shekara talatin da ɗaya Albano Valadares
yana jan tarago a titunan Porto,
yana bin kogin Douro har inda ya faɗa teku,
wannan ɗan ƙarfe ne ke gaya masa ko ya makara.
Yanzu rufin ɗakina yoyo yake,
ruwan Janairu kuwa bai san gado ba.

Shagon Telmo Figueiral bai fi akurki ba.
Ya manna gilashi a ido ɗaya,
ya buɗe bayan agogon kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.
"Wa ya taɓa cikinsa?"
Na ce babu kowa.
"To kada ki goge, Graciete.
Kada ki bari a sauya masa fuska.
Wannan dusashewar, wannan karce kusa da tara,
su ne kuɗin.
Mutanen nan tsufa suke saye, ba ƙyalli ba."

Ya karanto lambar ciki, ya faɗi shekarar ƙira,
ta girme ni da bakwai.
Ya ce in bar kallon abin da masu kaya ke yankawa,
in nemi abin da aka biya.
Farashin baki buri ne.

Na ɗauki hotonsa a bakin taga da hantsi,
gaba, baya, gefe, har ramin da Baba ya huda a maɗauri da ƙusa
shekarar da ciwo ya ramar da shi.
Na rufe ƙarshen lambar da ɗan yatsa.
Na saka shi a kasuwar da ba ta da rumfa,
inda ba ka ganin idon mai taya.

Kafin dare wani ya ninka kuɗin,
ko tambaya ɗaya bai yi ba.
Wai in aiko yau, ga hoton rasit,
wai ɗan'uwansa zai zo ƙofar gida ya karɓa.
Na duba asusuna: wayam.
Ba a cinikin biri a sama.
Wani ya ce jabu ne, amma zai taimaka ya saya a rabi.
Mai kushe kaya yana riƙe da su,
na san irinsa tun a kasuwar kifi.

Sai Kuwabara, daga Osaka.
Tambaya goma sha ɗaya, duk masu nauyi.
Ta ƙarshe: "Yana gudu ko yana jinkiri?"
Na ce daidai yake,
Baba ne ke tura shi gaba da minti huɗu,
don kada fasinja ya jira shi a cikin ruwa.

Muka sa ɗan tsakani amintacce:
kuɗi su kwana a hannunsa
har kaya su isa, a buɗe, a gani.
Na biya inshora, na ɗauki hoton kowane naɗi,
ban rubuta "agogo" a jikin kwali ba.
A gidan waya matar ta ɗora shi a sikeli.
Giram ɗari biyu da goma, har da kwalin.
Na yi zaton Baba ya fi haka nauyi.

Kwana tara ina bin lamba a waya
kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Masu gyara sun hau rufi ranar Litinin.
Da yamma saƙo ya shigo, gajere:
ya iso lafiya, yana tafiya,
bai mayar da shi lokacin Osaka ba,
minti huɗun ma ya bar su.

Na tsaya riƙe da bokitin da ba shi da sauran aiki.
Tarago ya wuce ta ƙasan taga,
na kai ido wuyan hannuna,
ni da ban taɓa ɗaura agogo ba.