Tsakanin Daga da Zuwa

A Dadin Kowa ba da kwano muke raba ruwa ba,
da agogo ne:
daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza,
a ɗaga ƙofar magudana, a sauke ta.
Nawa aikin in zuba wannan a rumbu,
ba na dawa ba, na bayanai.
Layi dubu arba'in da 'yan kai,
kowane layi gona, kowace gona da tazararta.

In na tambayi rumbun labarin shafin suna,
ba ya rowa: Buba ya fi yawa, Manu na biye.
Shafin kuɗi ma haka.
Amma shafin tazara, mai gaɓa biyu kamar kogi,
in na ce, yaya ka gan shi?
sai ya yi gum.
Alhali ya auna. Na san ya auna.
Da awon nan yake zaɓen hanya
duk sanda na aike shi nemo min abu,
kamar direban hanyar Biu
da ya haddace kowane rami
bai taɓa zana wa kowa taswira ba.

Manhajar ta gayya ce, ba mai katanga a kanta,
duk mai fartanya ya shigo.
Na shiga cikinta bayan lisha,
janareta na tari, sauro na yi min bita a kunne.
Can ƙurya na iske awon a ajiye,
tsaf, babu abin da ya ci shi.
Taga kawai ɗakin ya rasa.

Uku na fasa.
Ɗaya ta nuna inda tazara ke tashi da inda take sauka.
Ɗaya ta nuna tsawonta, daga guntuwa zuwa doguwa.
Ta ukun 'yar mitsitsiya ce,
har na so in bar ta:
kashi nawa ne fanko.

Na aika.
Wani da ban san fuskarsa ba,
a garin da dare ke yi sanda muke karyawa,
ya ce sunan taga ta biyu ya cika tsawo.
Wata ta ce ina gwajin?
Na yi fushin kwana biyu, a na uku na gyara.
Shinkafa ta nuna, aka yanke, aka sake dashe
kafin su ce, to.

Ran da na leƙa ta ƙaramar tagar,
bakwai cikin ɗari.

Fanko, a bakin rumbu,
tazarar da farkonta shi ne ƙarshenta.
An rubuta an buɗe, an rubuta an rufe,
ruwa bai ko jiƙa siminti ba.
Rumbun ma bai riƙe ƙarfe nawa ba ne.

Ƙididdiga ba ta kama suna, ba ɗabi'arta ba ce.
Ni na ciro layukan, na hau babur
na bi magudanar har wutsiyarta,
inda ƙasa ta tsattsage kamar diddige.
Can na tarar da Inna Dudu
tana tono albasa, kowace kamar goro.

Ta ce, me injin naki ya ce?
Na ce, bakwai cikin ɗari.
Ta karkaɗe zaninta, ta dube ni.
Ta ce, tun bara nake faɗa wa Barde mai ƙofa,
ya ce littafi bai nuna ba.

Ta ƙulla min albasa biyar a leda.
Asabar akwai taron masu ruwa a gindin ɗorawa.
Na buga takardar, kwafi ashirin.
Tawada ta soma ƙarewa a na sha shida,
amma bakwai ɗin tana karantuwa.