Alƙawarin Tela

A bayan littafin awo,
shafin da babu wuyan kowa, babu tsawon hannun kowa,
nan nake yanka wa kaina sabuwar shekara.
Bara bakwai na rubuta:
in rage sukari a shayi,
in biya Baffajo kuɗin shadda yadi goma,
in daina ce wa mutane "gobe da la'asar"
alhali ko almakashi bai gaisa da yadinsu ba.
Sauran huɗun, man keke ya zuba a kansu.

Kafin Fabrairu ya raba
duk sun ɓalle, kamar maɓallin da aka kafa da zare ɗaya.
Kaf Herwagana an san alƙawarin tela.
Ashe wanda na fi yi wa yawo da hankali
shi ne mai zama a kan kujerata.

Sai baya ya yi tawaye.
Shekara ashirin da shida ina sunkuye,
wata asuba na je ruku'u, tasowa ta gagara.
Saude, 'yar ƙanwata, mai aikin gashin ƙashi a asibiti,
ta zo da siririyar tabarmar roba,
ta shimfiɗa tsakanin keke da buhun ƙyallaye.
Ta ce sunan abin yoga.
Na ce ni fa goshina wuri ɗaya ya sani.
Ta yi dariya. "Kawu, miƙa ce da numfashi.
Wanda kake wa sujada Shi ya ba ka numfashin nan,
ka taɓa tsayawa kun gaisa?"

Ban taɓa ba.

Na zauna, ƙafa a naɗe, gwiwa na ƙara.
Na ja iska. Ta shiga da ƙyar,
kamar zare mai gashi a kafar allura.
Na sake ja.
Na ji injin markaɗen Dija a bayan katanga,
na ji tantabara na taka kwano,
na ji wani ƙulli ƙarƙashin kafaɗar dama
da ya girmi babban ɗana.

Daren ƙarshen Disamba na jawo littafin.
Saude ta dafa shafin.
"Alƙawari bashi ne, Kawu, yana da ranar biya,
in ta zo ba ka da shi sai ɓuya.
Niyya kuwa fuskanta ce.
Ka karkace, ka juyo. Ka kuma karkacewa, ka kuma juyowa.
Ɗauki guda ɗaya, wadda za ta shiga cikin numfashi ɗaya."

Na daɗe ina lalube.
Abin da na samu ƙarami ne, har da kunyar faɗa:
kada bakina ya riga hannuna.

Ranar Talata Malam Jauro ya shigo da farin yadi,
ɗaurin aure Juma'a a Kumo.
"Yaushe?"
"Gobe" ta riga ta hau harshe, ta sa takalmi.
Na ja iska. Na riƙe. Na sake ta a hankali.
Na ce, "Sati uku."
Ya dube ni kamar na zage shi,
ya naɗe yadinsa, ya tsallaka wajen Ɗanladi.
Dubu takwas ta fita da ƙafarta.
Amma daren nan na kwanta rigingine,
ban ƙirga rigar kowa a silin ba.

Har yau cokali uku nake zubawa a shayi.
Baffajo ya karɓi rabi, yana jiran rabi.
Shekaranjiya ma "gobe" ta kufce mini,
na bi matar har bakin titi na gyara: "Asabar, Hajiya, Asabar."

Shafin baya yana nan fari.
Da safe, kafin in taka keke,
nakan miƙe hannu sama har yatsu su taɓa igiyar rataye,
in ja iska,
in zura zaren a allura.
In ya goce, in lasa bakinsa,
in sake.