Rawayar Kvetoslav

A ƙarƙashin bene, inda muke ajiye dankali
da kekunan da 'ya'yan maƙwabta suka girme wa,
nan na kafa teburina.
Ostrava na sama, tana tari cikin dusar ƙanƙara,
ni ina ƙasa da jirgin da bai wuce tafin hannu biyu ba.

Injin iska ya yi gyaran murya, ya kama gurnani.
Na ɗiga akirilik a ɗan ƙoƙon bindigar feshi,
na tsinka shi har ya koma kamar madara.
In ya yi kauri, ya shaƙe allura,
in ya yi ruwa, ya bazu kan fiffike
da ƙafafu kamar gizo-gizo.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa tiram,
na san taka birki kofin shayi bai girgiza ba,
amma ɗan kunamar nan ya mai da ni ɗan koyo.

Na gwada a kan kwali. Na sake.
Iska tukuna, fenti ya biyo baya,
fenti ya tsaya, sannan iska.
Shafa ɗaya siririya, kamar hucin baki a jikin gilashi,
a jira ta bushe,
a ƙara wata.
Rawaya ba ta son gaggawa,
sai an yi mata farar shimfiɗa take yarda ta kwanta.

Ba jirgin yaƙi ba ne.
Na feshin gona ne, mai ƙaton ciki,
wanda wana Kvetoslav ya tuƙa bisa gonakin gwoza
har shekarar da huhunsa ya ce ya isa.
Hoto ɗaya ya bar mini, baƙi da fari,
yana dariya, hannu a kan farfela.
Hoton bai san launi ba.
Kwalba huɗu na saya, duk sunansu rawaya.

Drahomira ta sauko da shayi, tana ƙirga matakala.
Ta dubi fiffiken, ta ajiye kofi.
"Ba ita ba ce," in ji ta.
Na ce, "Takardar kwalin ta ba da lamba."
Ta ce, "Takarda ba ta taɓa tsayawa a bakin gona ba."

Na manta, ko kuwa na so in manta:
kafin ta san sunana
ita ke riƙe masa tuta a ƙarshen kunya,
'yar shekara goma sha tara, ɗankwali a kan hanci,
ya taho ƙasa-ƙasa, ya wuce ta bisa kanta,
ta ƙirga taku goma sha biyu, ta sake ɗagawa.

"Kai daga gefe ka gan shi, a wanke, ran Lahadi.
Ni cikinsa na sani."

Ta ja kujera. Ta karɓi tsinken sakace,
ta tsoma a ruwan ƙasa, ɗigo ɗaya,
ta ƙara rabin ɗigo na toka,
ta juya, ta juya,
har rawayata ta tsufa a idona.
Hannunta da ke rawa in ta ɗauki cokali
bai yi rawa ba.

Ta kife jirgin, ƙafafu a sama,
ta fesa daga bakin mazurarin taki zuwa wutsiya,
zane uku marasa daidai,
inda iska ke jan datti.
Salatif ɗin da na yi awa biyu ina yankawa,
ko kallonsa ba ta yi ba.

Injin ya yi shiru don kansa.
Muka ji tiram mai lamba takwas yana shan kwana a sama.
Shayi ya huce.

Na ce, "Haka yake?"
Ta ce, "Ya fi haka ƙara."

Ta tashi, ta bar mini wankin allura.