Asabar a Kangimi

Kafin ladanin Kawo ya idar da kiran farko
na ɗaure kwale-kwalena a bisa mota.
Na roba ne, ruwan ɗorawa, mai cin mutum guda.
Shi na tsira da shi daga Fatakwal,
bayan shekara ashirin da shida ina ƙirgar kaya a tashar jiragen ruwa.
Shi, sai ciwon gwiwa.

A bakin dam Barau na ɗinkin koma.
Ko ɗagowa bai yi ba ya ce,
"Ɗan fansho, yau ma da ɓawon ayabar taka?"
Na ce da shi.
Ya ce, "Kakana jirginsa na maɗaci ne,
bai taɓa shiga ruwa don ya huta ba."
Na bar masa goro biyu a kan dutse, na tura.

Filafili dama, filafili hagu,
ruwa na buɗewa yana rufewa a bayana
kamar bai san an wuce ba.
Na soka tana a ƙugiya, na jefa fatsa
gindin wani kututture da ruwa ya cinye rabinsa.

Can kudu ruwa na da gishiri, yana da lokaci,
ya tafi da safe ya dawo da yamma kamar ma'aikaci.
Kifinsa in ya kama, sai ka ji a kafaɗa,
ya ja ka da jirginka har cikin itatuwan fadama.
Na nan kuwa ɗan gari ne.
Karfasa sai ta sunsuna, ta yi shawara,
ta saci tana ta bar maka ƙarfe.
Kurungu in ka ɗago shi gunaguni yake,
kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana.

Maƙwabcina Tanimu na da kududdufin siminti a bayan gida,
tarwaɗa dubu, kowace ta san ƙarar bokiti.
Kullum cewa yake, "Zo ka ɗiba, me ya kai ka daji?
Kuɗin man da kake ƙonawa ya sayi kwando."
Gaskiyarsa.
Sai dai kifin da ya zo da kansa
bai taɓa koya mini yin shiru ba.

Wajen hantsi zare ya miƙe.
Sanda ta lanƙwasa har ta sumbaci ruwa,
jirgin ya juya da ni sau biyu,
na ji zuciyata a maƙogwaro.
Giwan ruwa ce, na ga azurfar gefenta,
na ga idon nan mai kama da garwashi,
muka dubi juna kamar masu tsohon bashi.
Sai ta girgiza kai sau ɗaya.
Zaren ya dawo mini fayau, ba nauyi, ba ƙugiya.

Na daɗe zaune.
Wani ɗan tsuntsu mai dogon baki ya faɗa ruwa,
ya fito da nasa, bai ko dube ni ba.

Da na fito Barau ya leƙa cikin jirgin.
"Ina kamun?"
Na buɗe hannuwa iyakar tsawonsu.
Ya yi dariya har goron ya sarƙe shi,
ya ce, "Wanda ya kuɓuce kullum shi ne babba."
Ya miƙo karfasa uku a tsinke, na ƙi karɓa.
Ban san dalili ba. Girman kai, wataƙila.

A gida Tasalla ta riga ta san labarin,
tun jiya ta biya Kasuwar Barci.
Miyar dare da kifin ƙanƙara aka yi ta,
ɗan teku, wanda ya zo Kaduna a kwali, bayan babbar mota.
Na tsame shi daga romo, na juya shi a faranti,
na ce, "Kai ma nan ka ƙare?"
Ta ce in ci kafin tuwo ya huce.

Fatsar na jingine a bayan ƙofa.
Gobe zan sayo ƙugiya, mai lamba ta gaba.