Sai Yaron Ya Balaga

Alƙali ya ce a jira yaron ya balaga.
Yaron ni ne.
Shekarata huɗu, ina tsotsar ƙwallon dabino
a ƙofar gidanmu a Misfala,
ban san an ɗaura wuyan mutum a kan tsawona ba.

Duk takalmin da ya matse ni,
duk rigar da ta ɗage,
Safwanu na lissafi a kurkuku.
Kowa na murnar ina girma, ban da uwarsa.

Abin da na sani game da ubana Ukasha bai cika tafi ba:
yana gasa tsire bayan la'asar,
alhazai na bin layi saboda yajinsa,
da hagu yake yanka.
Rigimar ta riyal talatin ce.
Wuƙar ma tasa ce.

Kakata Tabawa ba ta sake cin nama ba.
Duk Sallah takan jingina ni da ƙofa,
ta ja layi da gawayi a saman kaina,
ta ce, saura kaɗan.
Bara muka kai ta makwanci.
Layinta na ƙarshe yanzu a haɓata yake.

Innata Juwairiyya ba ta taɓa cewa a kashe ba,
ba ta taɓa cewa a yafe ba.
Keken ɗinkinta ke magana har asuba.

Uwar Safwanu kuwa, duk azumi
takan ajiye kwanon kunu a dokin ƙofa, ba sallama,
kakata ta tuttular a kwata.
Sau ɗaya na riga ta, na sha a ɓoye.
Akwai tsamiya, akwai daɗi.
Kwana uku na kasa kallon hoton ubana.

Watan jiya dattawa suka cika mana zaure,
wasu da jakar kuɗi, wasu da hawaye.
Mai son takobi ya kawo hujjarsa,
mai son afuwa ya kawo tasa,
duk suka juyo suna kallon gemun da bai gama fito min ba.

Jiya na je na gan shi.
Na yi zaton ƙato zan tarar.
Furfura ce, da giɓi, da hannu mai rawa.
Tun daga nesa ya rufe fuska,
wai tafiyar Ukasha ce ke tahowa.
Ban gaishe shi ba.
Na ce, me ya faɗa a ƙarshe?
Ya daɗe yana haɗiyar yawu.
Ya ce, tsinke biyun can na Miƙdadu ne,
kada a sayar.

Gobe bayan hantsi za a miƙo min takarda.
In takobi ya sauka,
wa ya rage da ya ji wannan maganar da kunnensa?
Wa zan koma in ce wa, sake faɗa min?

Ban ce na yafe ba.
Harshena bai iya kalmar ba tukuna,
tana maƙale kamar ƙayar kifi.
Na dai jiƙa tsumma,
na tsaya gaban layukan gawayin nan goma sha uku.
Keken Inna ya yi shiru.
Ban waiwaya ba, amma na san tana kallon hannuna.